Yadda Ake Yin Matsin Katako Don Gyaran Jita da Garaya

A Abare da sauran ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum akwai masu kayan kiɗa na tsirkiya, kamar garaya, molo, gurmi da goge. Wasu samari kuma suna da jita. Duk waɗannan kaya da itace ko ƙwarya ake yin su. Idan hunturu ya kama, itace yakan bushe ya tsage, gam kuma ya saki. Mai garayar da ta tsage ana gobe biki ya rasa abincinsa na wannan rana.

Mutane da yawa sukan shafa gam su riƙe da hannu na ɗan lokaci, sai su ajiye. Bayan kwana biyu wurin ya sake buɗewa. Dalili shi ne gam ba ya kamawa sosai sai an matse katako biyun, sun haɗu babu rata, har ya bushe. Hannu ba zai iya riƙo na yini guda ba. Wannan aikin matsi ne.

Jita ta fi kowanne bukatar matsi mai kyau. Wayoyinta guda 6 na ƙarfe suna jan katako da ƙarfin da ya kai kusan kilo 70. Wannan ya fi nauyin buhun taki mai kilo 50. Shi ya sa jakin jita, wato ɗan katakon da wayoyi ke hawa a kansa, yakan ɗaga idan haɗin bai yi kyau ba.

Matsin ƙarfe na kanti yana da tsada. Amma kafinta ko masassaƙi zai iya yin nasa da guntayen katako.

Kayan da ake bukata

Ana bukatar busasshen itace mai tauri, kamar kirya, marke ko maɗaci. Ɗanyen itace yakan lanƙwashe, rimi kuma ya cika taushi. Sai zarto, abin huda katako, dogayen noti masu kai daga wajen mai gyaran keke ko babur, guntun fata daga wajen baduku, da farin gam na kafintoci.

A kula da abu guda. Tsohon turmi da taɓarya itace ne mai tauri, amma kada a yanka wanda aka taɓa daka dutsen zinariya da shi. A shekarar 2010 ƙurar wannan dutse mai gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da Abare, Dareta da Yargalma. Ƙurar takan maƙale a jikin itace, zarto kuma ya tashe ta.

Matsi na farko: mai katako biyu

1. A yanka katako biyu daidai da juna, tsawon inci 8, faɗi inci 2, kauri inci 1.
2. A ɗora ɗaya kan ɗaya, a huda su tare kusa da kowane ƙarshe, don ramukan su yi daidai.
3. A manna fata a cikin kowane katako, inda zai taɓa jita, don kada ya bar tabo.
4. A zura noti a ramukan biyu.

Ana sa abin da ya tsage a tsakiya. A ɗaure wannan noti kaɗan, a koma wancan, har matsin ya daidaita. Wannan shi ne na gyaran wuyan jita ko sandar molo.

Matsi na biyu: mai dunƙule

Wannan na haɗa fuskar jita da gefenta ne. A samu tsohuwar ƙotar fartanya, a yanka ta dunƙule-dunƙule, kowanne kaurin inci 1. A huda tsakiyar kowanne. A zura biyu a dogon noti ɗaya, da fata a fuskar kowanne. Dunƙule ɗaya yana kama sama, ɗaya yana kama ƙasa. Ana jera su kusa da juna a bakin jita. Ƙaramar tsagewa za ta ci guda 4 ko 5. Mai haɗa sabuwar jita zai bukaci 20 ko fiye.

Matsi na uku: na ƙwarya

Cikin gurmi da goge ƙwarya ce, kuma katako miƙaƙƙe zai fasa ta. A nan sai a yanka tsohuwar robar cikin tayar keke dogo-dogo. A shafa gam, a naɗe ƙwaryar da robar, ana ja a hankali. Idan babu roba, a ɗaura igiya, a cusa ɗan tsinken itace mai tsini a ƙarƙashinta har ta yi tauri.

Yadda ake aiki da su

Da farko a sassauta wayoyi ko tsirkiya gaba ɗaya. A kankare tsohon gam, domin sabo ba ya kama tsoho. A gwada matsin babu gam tukuna, a ga ko bakin ya haɗu. Sannan a shafa gam siriri a ɗaure. Idan gam ya ɗan fito a bakin haɗin, matsin ya isa. Ƙari a kan haka zai iya fasa fuskar jita, don kaurinta bai kai na ashana biyu ba. A goge abin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma. A sa leda tsakanin matsi da gam don kada su manne.

A ajiye a inuwa kwana ɗaya cur. Kada a shanya a rana ko kusa da murhu. Bayan an kwance matsi, a ja wayoyi kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Rashin kayan kanti ba ya hana sana'a. Mdou Moctar, makaɗin jita daga jihar Tawa a Nijar wanda ya yi suna har Amurka da Turai, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kuma wannan matsi bai tsaya ga kayan kiɗa ba. Da shi za a gyara allo, akushi, kujera da ƙyauren taga.