Naman tanki da injiniyan da yake jira

A watan Agustan 2013 aka soya wani ɗan curin nama a gaban 'yan jarida a Landan, naman da bai girma a jikin saniya ba. Farfesa Mark Post na Jami'ar Maastricht da ke ƙasar Holan ne ya raine shi daga ƙwayoyin halittar tsokar saniya, a kan kuɗi kusan Yuro 250,000 da Sergey Brin na Google ya biya. Tun ranar aka yarda abin mai yiwuwa ne. Samar da shi da yawa kuma da araha shi ne ya gagara har yau, kuma wannan nauyi a wuyan injiniyan sarrafa rayayyun ƙwayoyi yake.

Wurin aikinsa tankin raino ne, katafaren tulun ƙarfe da ake cika wa ruwan abinci mai sukari da gishiri da sinadaran gina jiki, a zuba ƙwayoyin a ciki su yi ta rabuwa. Ƙwayar dabba kuwa shagwaɓaɓɓiya ce. Ta saniya tana son zafi wajen digiri 37, tana son iskar oksijin ba yankewa, amma in aka juya ruwan da ƙarfi don iskar ta ratsa ko'ina sai ta fashe, domin ba ta da ɓawo mai tauri irin na yisti. In aka sassauta juyin, na ƙasan tanki su shaƙe. Tana kuma fitar da amoniya da laktet, waɗanda in suka taru su hana ta girma. Babban tashin hankalin shi ne gurɓata: ƙwayar dabba kan ɗauki kusan kwana guda kafin ta zama biyu, alhali wata bakteriyar minti 20 ya ishe ta. Guda ɗaya ta kutsa ta wani bututun da ba a tsabtace da kyau ba, kafin gari ya waye an yi asarar tanki sukutum.

Masana'antar magunguna ta daɗe da iya wannan, da tankunan da ba su cika wuce lita 25,000 ba. Sai dai ita giram-giram take sayarwa da tsadar gaske, shi kuwa nama da kilo ake aunawa, a kasuwar da kaza ke jiran sa da arha. A 2021 injiniya David Humbird ya wallafa lissafin da ya nuna cewa tsadar ruwan abinci da iyakar girman tanki za su daɗe suna hana naman nan gogayya da na mahauta. A ganina har yanzu ba a ba shi amsa a aikace ba. Kamfanin GOOD Meat ya yi shelar gina tankuna masu lita 250,000 a 2022, maganar ta ƙare a kotu tsakaninsa da maƙerin tankunan kan bashi.

Ta fuskar hukuma an samu ci gaba. Singafo ta fara halatta sayar da naman a Disamban 2020, Amurka ta ba kamfanonin Upside Foods da GOOD Meat izini a Yunin 2023, ko da yake Italiya da jihar Florida sun haramta. Ga mai tambayar matsayinsa a addini, kwamitin fatawa na Singafo ya ce a 2024 yana iya zama halal idan an ɗebo ƙwayoyin daga dabbar da ta halatta kuma aka yanka ta bisa shari'a, sannan ba a sa haram a abincinsu ba.

To, ina matashi zai sa ƙafa? Ƙofar da aka fi shiga ita ce digirin injiniyan sinadarai, irin wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan a ƙara da ilimin raino ƙwayoyi. Jami'ar Tufts a Amurka ta buɗe cibiya ta musamman kan wannan fanni, gwamnatin Holan kuma ta ware masa Yuro miliyan 60 a 2022. Amma kada ƙyalƙyalin ya ruɗi kowa. Jari ya ja baya, kamfanin SCiFi Foods ya rufe a 2024, wasu sun rage ma'aikata.

Duk da haka ina ba da shawarar a koyi sana'ar, domin hannun da ya iya riƙe tanki cikin tsabta shi ne dai ake nema wajen haɗa insulin da alluran rigakafi, har da na dabbobi irin waɗanda cibiyar Vom da ke Jihar Filato ke yi. Ɗalibi ya dage da lissafin tafiyar zafi da iska a cikin ruwa, ya nemi horon aiki a masana'antar da ke da tankin gaske, ko da ta yisti ce.