Tuwo da Kisra a Tire Ɗaya: Koya wa Yaran Jazira Al'ada

Yaron Bahaushe da aka haifa a ƙauyukan Jazira ta ƙasar Sudan da al'ada biyu yake tashi tun bai iya ɗaura zariyar wando ba. Da safe zai durƙusa ya ce "Kaka, ina kwana," ya fita ƙofar gida ya dafa kafaɗar abokinsa, su gaisa da Larabci. Ni malamar ƙananan yara ce a wani ƙauye kusa da Wad Madani, kuma a ganina babu yaron da ya fi wannan sauƙin koya wa yadda mutanen duniya suka bambanta, muddin aka fara da abin da ke tsakar gidansu.

Ba na fara musu da taswira. Ɗan shekara biyar bai san nisan Sin ba, amma ya san abin da ya ci jiya da dare. Saboda haka nakan roƙi iyaye mata kowace ta aiko da ɗan abin da ta girka. Sai ka ga tuwon dawa da miyar kuka sun zauna a tire ɗaya da kisra da asida, ga fura, ga wake irin na karin kumallon mutanen gari. In tambaye su wa ya koya wa innarsu wannan girkin. Su ce kaka. To kaka fa, wa ya koya mata? A nan suke yin tsit, kuma a nan darasin yake. Abin da mutane suka gada, suka saba, suke miƙa wa 'ya'yansu, shi ne al'ada, kuma kowane gida a duniya yana da nasa.

Wata rana wata yarinya ta ture kwanon miyar kuka ta ce, "Malama, ni ba na cin wannan a gaban mutane." Ashe a makarantar da ta fara zuwa an yi mata dariya don ta yi Hausa, ana ce mata 'yar Fallata da sigar raini. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin yaron da ke jin kunyar tuwon gidansu ba zai kalli na wasu da natsuwa ba: ko dai ya yi ta sha'awarsa a makance, ko ya rama rainin a kan wanda ya ga bai kai shi ba.

Maganin da na samu shi ne labarin zuwanmu. Ina gaya musu cewa kakanninmu da ƙafa da jakuna suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina da niyyar aikin hajji, suna yada zango su yi noma su tara guzuri, wasu su ƙarasa Suwakin su haye teku, wasu su zauna. Ina gaya musu yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato, ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙaraso da jama'a ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannun Hausawa na cikin waɗanda suka tsince ta. Su kuma san cewa A'isha al-Fallatiya, wadda ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a rediyon Omdurman, daga cikin jama'armu ta fito. Yara kan gyara zama idan suka ji haka.

Sai dai ina kiyaye kada alfahari ya zama girman kai. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ba a ce na wani ya fi ba. Don haka ranar tatsuniya nakan gayyaci tsofaffi biyu. Kakar Hausawa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ta kawo Gizo da Ƙoƙi. Tsohuwar maƙwabtanmu Larabawa, wadda jikokinta ke kira habboba, ta kawo labarin Fatima as-Samha. Yaran da kansu suke gano cewa duka biyun da dare ake yin su, duka suna tsoratarwa kaɗan, duka suna hana rowa da ƙarya.

Daga nan ne muke fita duniya, kuma kogi muke bi. Ruwan da ke wucewa ta gefen Wad Madani daga tafkin Tana na Habasha ya taso. Mutanen can suna cin injera, mai kama da kisra amma ta fi kauri, kuma mutum kan sa wa wanda yake ƙauna loma a baki don girmamawa. Ruwan ya haɗu da Farin Nilu a Khartum ya nufi Masar. Idan sun gane cewa a bakin kogi ɗaya ma abinci da gaisuwa suna sauyawa, sai mu yi nisa: a Japan a sunkuya, a Indiya a haɗa tafuka, Maori na Niyu Zilan su haɗa hanci. Mu tashi mu gwada kowace. Dariya ba laifi ba ce a ajina, amma nakan tuna musu cewa wani yaron can zai yi mamakin durƙusonmu.

Akwai abin da nake rabewa a fili, wato addini da al'ada. Mu da maƙwabtanmu alƙibla ɗaya muke kallo, allo ɗaya muke wankewa a makarantar allo, amma bikin aurenmu da nasu ba ɗaya ba ne, kuma hakan bai rage wa kowa Musulunci ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a watan Disamba, ya warwatsa iyalai zuwa Gadarif da Kassala da Port Sudan, wasu har Masar. Tun da garin ya koma hannun soja a Janairun 2025 mutane suke dawowa, yara kuma sun dawo da sababbin kalmomi, sun ci abincin da ba su saba ba, wasu an karɓe su hannu bibbiyu, wasu an hantare su. Yanzu duk wanda ya dawo nakan ba shi fili ya faɗa mana yadda ake gaisuwa da abin da ake ci a inda suka zauna, da gidan da ya fara ba su ruwa.