BABI NA HUƊU: SANA'AR ƊINKI A TOZAI DA YADDA AKE HAƊA KAYAN AMARYA MAI AL'ADU BIYU

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan tufafin Bahaushe na gargajiya da ire-irensu. A wannan babi kuwa za a dubi masu samar da tufafin, wato maɗinka, tare da ɗaukar garin Tozai na Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato a matsayin farfajiyar nazari. Za a fi mayar da hankali a kan ɗinkin da ake yi wa mutum bisa awon jikinsa da zaɓinsa, musamman kayan amaryar da aurenta ya haɗa al'ummu biyu. Dalili kuwa shi ne, a irin wannan aiki ne gwanintar maɗinki da saninsa na al'ada suke fitowa fili.

4.1 Tozai da Tasirin Kan Iyaka

Tozai na ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Illela, wadda ta yi iyaka da ƙasar Ƙonni ta Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. Iyakar da ta raba waɗannan ƙasashe ta samo asali ne daga yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a shekarun 1898 da 1904 da 1906, sannan aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Sai dai kuma wannan rabo bai raba zumunta ba. Har yanzu ana samun wa a Illela, ƙane a Ƙonni, kuma ana auratayya tsakanin Hausawa da Fulani da Buzaye na sassan biyu.

Wannan cuɗanya ta shafi sana'ar ɗinki ta fuskoki uku. Ta farko ita ce fuskar kasuwa, domin kasuwar Illela mai ci ranar Lahadi ita ce babbar mahaɗar masu saye da sayarwa daga ƙasashen biyu, kuma a nan ne maɗinkin ƙauye yake sayen yadi da zare da allura. Ta biyu ita ce fuskar awo. A Nijeriya ana sayar da yadi da ma'aunin yadi, ana auna jiki da inci, alhali a Nijar mita da santimita ake amfani da su. Yadi ɗaya bai cika mita ba, santimita 91 ne da 'yan kai, inci ɗaya kuma santimita biyu da rabi ne da ɗoriya. Ke nan wanda aka aiko masa da awo daga Ƙonni dole ya tabbatar da gefen tef ɗin da aka karanta, in ba haka ba sai ya ɓata yadin mutane. Ta uku ita ce fuskar kuɗi. Idan mutumin Nijar ya ce jaka, sefa dubu yake nufi, amma a bakin mutumin Nijeriya jaka naira ɗari biyu ce. Saboda haka ake fayyace kuɗin da ake ciniki da shi tun kafin a sa almakashi.

4.2 Rabe-raben Ɗinki

Ana iya kasa ɗinkin da ake yi a wannan yanki gida biyu, wato ɗinkin hannu da ɗinkin keke.

Ɗinkin hannu shi ne na asali. Kafin zuwan Turawa, masaƙa ne suke saƙa ƙyalle siriri, maɗinka su harhaɗa shi ya zama riga ko zane, sannan a kai wa marina da mabuga. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafin ƙasar Hausa suke kaiwa har Tambutu da ƙasashen Sahara. A kan babbar riga ne aka fi nuna ƙwarewar hannu, inda ake yin ayyuka irin su aska biyu da aska takwas da tambari. Akan fara zana aikin a kan yadi, sannan mai allura ya bi zanen da zare. Irin wannan aiki yakan ci watanni, kuma a da almajirai da malamai ne suka fi riƙe shi, domin sana'a ce da ake yi a zaune a zaure. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazari mai zurfi a kan wannan fanni a shekarun 1970.

Ɗinkin keke kuwa ya shigo ne a zamanin mulkin mallaka, kuma da shi ne kalmar tela ta shigo Hausa. Keken Singer ne ya fara yin suna, daga baya Butterfly na ƙasar Sin ya yawaita saboda sauƙin kuɗinsa. A garuruwan da wutar lantarki ba ta wadata ba, keken ƙafa da dutsen guga na gawayi su ne abin dogaro. Ya kamata a lura cewa zuwan keke bai kashe aikin hannu gaba ɗaya ba. A kayan biki masu daraja, keke yakan haɗa jikin tufa ne kawai, amma kalmasa da sa duwatsu da gyaran bakin leshi duk da hannu ake yin su.

4.3 Yadudduka da Asalinsu

Idan aka buɗe lefen amarya za a tarar da kayan ƙasashe da dama. Atamfar da ake kira Holan ta kamfanin Vlisco ce, wanda aka kafa a garin Helmond na ƙasar Holan a 1846. Shaddar da ta fi daraja ta kamfanin Getzner ce na ƙasar Ostiriya, haka kuma leshi mai tsada ya daɗe yana fitowa daga garin Lustenau na wannan ƙasa. A cikin gida kuwa, masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957 da sauran masaƙun da suka biyo bayanta a Kaduna da Kano sun daɗe suna wadata talakawa da yadi mai sauƙi, kafin akasarinsu su durƙushe, kayan ƙasar Sin su maye gurbinsu. Yawancin waɗannan kaya daga kasuwar Kantin Kwari ta Kano ko kasuwar Sakkwato suke isowa Illela, a da kuma wasu ta Nijar suke biyowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Akwai kuma baƙin yadi mai sheƙi, wato turkuɗi, wanda ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano. Abin sha'awa a nan shi ne, wannan yadi da ake ɗauka a matsayin alamar Buzaye, Hausawa ne suke saƙa shi su rina shi su buge shi, sannan fatake su kai shi Azbin.

4.4 Kayan Amarya Mai Al'adu Biyu

A al'adar Bahaushe ta dauri, adon amarya bai wuce zane da kallabi da mayafi ba, kuma akan lulluɓe ta ruf a ranar da za a kai ta ɗakin miji. Doguwar farar rigar da ake gani a yau al'ada ce ta Turai, wadda ta bazu bayan Sarauniya Victoria ta Ingila ta sa irinta a bikin aurenta a 1840. Lafaya kuwa daga wajen Barebari da Larabawan Shuwa Hausawa suka are ta. Saboda haka amaryar wannan zamani takan sauya kaya daga kamu zuwa wuni zuwa buɗar kai, kowane da irin shigarsa.

Matsalar takan taso ne idan ana son kaya guda su wakilci dangi biyu a taro ɗaya. Alal misali, idan Bahaushiyar Tozai za ta auri Buzu daga ƙasar Tawa, danginta za su so a gan ta cikin shigar gidansu, dangin ango kuma za su so su ga alamar cewa ta shigo cikinsu, ita kuma amarya da ƙawayenta hankalinsu yana kan yayin da suke gani a waya. Ga matakan da gwanin maɗinki yake bi:

(a) Sauraro. Kafin komai sai ya san masu faɗa a ji a kan kayan. Sau da yawa ba amarya kaɗai ba ce, akwai gwaggo ko yayar da aka ɗora wa hidimar biki, akwai kuma matan dangin ango da suka haɗa lefe. Yakan tambayi ranar da za a sa kayan, da wurin taron, da kuma ko maza za su halarta, domin wannan ne zai nuna iyakar tsawon hannu da faɗin wuya.

(b) Awo. A gidaje da yawa ba a yarda namiji ya auna amarya ba. Don haka akan aiko da rigar da ta yi mata daidai, ko kuma a sa mace ta auna ta a gida. Mai hankali yakan bar rara a cikin ɗinki, saboda jikin amarya yakan sauya a makonnin gyaran jiki.

(c) Zayyana. A nan ne ake raba wa kowace al'ada gurbinta. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ɗauki siga daga wuri ɗaya, a ɗauki ado daga ɗayan. Ana iya yanka doguwar riga mai dogon hannu da farar shadda ko leshi, a yi mata aikin zare a wuya da ƙirji irin na rigunan matan Azbin, sannan a ɗora baƙin mayafi da sarƙar azurfa ƙirar Agadas, ɗaurin kallabi kuma ya kasance na Hausa. Idan aka cusa kowane ado a wuri guda, sai kayan su tashi ba na kowa ba.

(d) Sanin halin yadi. Wannan shi ne matakin da ya fi wuya. Turkuɗi yana zuba, domin ba rini kaɗai ne ya ba shi sheƙi ba, har da shunin da aka buge a jikinsa. Idan aka haɗa shi da farin yadi a ɗinki ɗaya, gumi kaɗan ya isa ya ɓata farin. Saboda haka akan bar shi a matsayin mayafi daban a yi masa shafi, ko kuma a nemi rinanniyar shadda mai duhu ta tsaya a madadinsa. Leshi kuma yana da baki mai ado wanda dole ya faɗo a gindin riga da bakin hannu, don haka yankansa yana cin yadi. Shadda ba a jiƙa ta kafin ɗinki, domin sheƙinta zai tafi. Haka nan idan bikin bazara ne, lokacin da zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, shafin auduga ya fi na roba.

(e) Gwaji da kammalawa. Akan fara riƙe sassan da dogon ɗinki a kai gida a gwada, sannan a zo a dake shi. Bayan nan sai aikin hannu da guga da naɗi.

Wannan haɗi ba a ƙauye kaɗai ake yin sa ba. Shahararren mai zayyanar tufafi na Nijar, Alphadi, ya yi suna a duniya ne ta hanyar ɗora adon Buzaye da na Hausawa a kan yankan Turai, kuma a 1998 ya shirya bikin baje kolin tufafin Afirka na FIMA karo na farko a cikin hamada kusa da Agadas.

4.5 Matsalolin Sana'ar

Babbar matsalar maɗinkin kan iyaka ita ce abincinsa yana rataye ne da buɗewar hanya. Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai a watan Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, an sake rufe iyakar har zuwa watan Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta yadi yakan yi tsada, masu kawo ɗinki daga ƙetare su ragu, kai har kayan da aka gama su rasa hanyar isa ga masu su kafin ranar biki. Canjin kuɗi ma yana da nasa tasiri. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, ƙarfin sayayyar mutanen Nijar a kasuwannin Nijeriya ya ragu. Da naira ta faɗi daga 2023 kuwa, sai ɗinkin Nijeriya ya yi wa mai sefa araha, amma yadin waje ya yi wa maɗinki tsada.

Bayan wannan akwai matsalar tsaro da ta addabi gabashin Jihar Sakkwato, wadda ta rage zirga-zirgar cin kasuwa da taron biki. Akwai kuma gasar gwanjo da ɗinkakkun kaya na waje. Sannan matasa ba su cika jure zaman koyon aikin hannu ba, tun da keken surfani yana gama a yini guda abin da allura take yi a wata. Daga ɓangaren maɗinka kuwa, laifin da aka fi kuka da shi shi ne saɓa alkawari, musamman a watan azumi da gabanin babbar salla. Kayan salla in sun makara ana iya sa su washegari, amma kayan amarya rana ɗaya gare su, kuma kunyar rashinsu a kan iyayenta take faɗawa a gaban surukai.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda zaman Tozai kusa da iyaka ya sa maɗinkinta yake aiki da ma'auni biyu da kuɗi biyu da al'adu fiye da ɗaya. An kuma nuna cewa haɗa kayan amarya mai al'adu biyu yana buƙatar sanin halin yadi da sanin halin mutane, domin kayan shaida ne a bainar jama'a cewa an girmama kowane ɓangare. Haka kuma an kawo matsalolin da suke barazana ga sana'ar, musamman aikin hannu da masu iya shi suke ƙaranci. A babi na gaba za a dubi kalmomin da sana'ar ɗinki ta aro daga Larabci da Ingilishi da Faransanci, da yadda Hausar kan iyaka ta sarrafa su.