Ƙwarangwal Zai Iya Shan Maganin Sihiri?

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons. A kan tebur ake yin sa, da takarda da fensir. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, ɗaya kuma ya zama jagora, shi ke ba da labari, shi ne kuma alƙali. Kamar tatsuniya ce da masu sauraro ke da baki a cikinta, sai dai dokokin littafi da jefa ƙwaya irin ta lido, wata har mai fuska 20, su ke yanke abin da zai faru. Cikin dodannin wasan akwai matattun da suka ƙi kwanciya: ƙwarangwal mai tafiya, zombi, fatalwa, da masu shan jini irin Dracula. Cikin kayan jarumai kuwa akwai 'yan kwalaben maganin sihiri, wani ya warkar da rauni, wani ya sa mutum ya tashi sama ko ya ɓace wa gani. Inda waɗannan biyu suka haɗu ne 'yan wasa suka daɗe suna gardama: shin matacce zai iya shan maganin, ya kuma yi masa aiki?

A ganina zai iya, muddin yana da jiki. Abin da ke tsawaita gardamar shi ne ana cakuɗa tambayoyi biyu: ko zai iya sha, da abin da maganin zai yi masa idan ya sha. Ta farko dai dokokin bugu na uku da aka yi wa gyara a 2003 sun amsa ta a fili. Duk halittar da ke da jiki tana iya shan magani ko shafa mai na sihiri, wadda ba ta da jiki kuwa ba ta iyawa. Fatalwa ta fita ke nan, domin hannunta ratsa kwalbar yake yi. Kuma a lura, abin da ya fitar da ita rashin jiki ne, ba a ambaci mutuwa ba. Mai shan jini kuwa ba a ma tsaya a kansa, wanda ke haɗiye jinin mutum ba zai gaza haɗiye ruwan da bai wuce kurɓi ɗaya ba.

Ƙwarangwal ne matsalar, kuma masu ƙin yarda suna da hujjar da ba ta rainawa. Ba shi da harshe, ba maƙogwaro, ba ciki. In ya ɗaga kwalba, ruwan zai bi ta haƙarƙari ya jiƙa ƙasa. Dokokin da kansu sun ce matattu ba sa numfashi, ba sa barci, guba ba ta kama su. To abin da guba ba ta shiga jininsa, ta ina magani zai shiga? Amma wannan hujja ta ɗauka cewa maganin sihiri irin na asibiti ne, wanda sai ciki ya narkar da shi. A dokokin 2003 maganin ba komai ba ne face sihirin da aka ɗure a kwalba, mai mataki na uku ko ƙasa da haka, shan kuwa shi ne hanyar sakin sa. Shi ya sa yake aiki nan take, kafin ciki ya narkar da komai. Sannan wanda ya yarda ƙwarangwal na gani ba ido, yana sara da takobi ba tsoka, ya riga ya yarda cewa sihiri ne ke tsaya masa a madadin gaɓoɓin da ya rasa. Ban ga dalilin da zai sa a tuna da ilimin jikin ɗan Adam sai an zo kan maƙogwaro ba.

Tambaya ta biyu ce mai nama, kuma nan ne littattafan suka saɓa wa juna. A bugu na uku, ƙarfin rai ne ke warkar da mai rai, matacce kuwa kishiyarsa ke riƙe da shi. Don haka maganin warkarwa ƙona shi yake yi, wanda ke raunata mai rai kuma shi ke gyara shi. Ka ga a nan ma maganin ya yi aiki, juyewa kawai ya yi. Bugu na biyar na 2014 ya ce sihirin warkar da rauni ba ya tasiri a kan matattu, amma bai sa wannan sharaɗi a kan maganin kwalba ba, sai zombi ya samu damar sha ya farfaɗo. Gyaran 2024 ya cire sharaɗin har daga kan sihirin. Wasan Pathfinder na kamfanin Paizo ya riƙe tsohuwar hanya a bugunsa na biyu na 2019: maganin warkarwa ba ya amfanar matacce, amma an tanadar masa man shafawa nasa, har a 2022 kamfanin ya fitar da littafin da ya ba ɗan wasa damar zama ƙwarangwal. Magungunan tashi sama, ɓacewa ko ƙarin sauri kuwa ba ruwansu da rai ko mutuwa.

Saura masu cewa hakan zai sa dodanni su fi ƙarfin jarumai. Lissafi bai goyi bayansu ba. A dokokin 2014 maganin warkarwa na yau da kullum yana mayar da maki 4 zuwa 10 na lafiya, kuma shan sa yana cinye wa mai sha damar kai hari a wannan zagayen. Mai shan jini yana da maki 144, yana kuma mayar da 20 da kansa a kowane zagaye in ba rana ko ruwa mai gudu a kansa. In ya tsaya buɗe kwalba, jarumai ya yi wa alheri. Zombi kuwa hankalinsa bai kai ya tuna da magani ba sai an umarce shi.

Gaskiya ne littattafan sun bar wa jagora hukunci na ƙarshe, kuma yana da ikon ya ce a duniyarsa ƙashi ba ya sha. To ya faɗa tun kafin a fara jefa ƙwaya, kada ya jira sai ɗan wasa ya kashe zinare 50 a kan kwalba sannan ya ƙirƙiro dokar. In bai faɗa ba, a bi littafi: mai jiki ya sha, fatalwa ta haƙura, sannan a duba bugun da ke kan tebur a ga ko maganin warkar da shi zai yi ko ƙona shi.