Abin da ke jefa masu jego cikin ciwon damuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin ɗari na matan da suka haihu kan yi fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa kashi 20.

Masana kiwon lafiya na danganta wani ɓangare na matsalar da sinadaran da jiki ke sarrafawa. Yayin goyon ciki, mabiyiya kan samar da sinadaran istirojin da furojestaron masu ɗimbin yawa. Da zarar ta fita bayan haihuwa, sai su ragu warwas cikin 'yan kwanaki.

Wannan faɗuwa na shafar ƙwaƙwalwa kai tsaye, domin daga furojestaron ne jiki ke samar da wani sinadari mai kwantar da jijiyoyinta. Shi ya sa mata da dama kan tsinci kansu cikin kuka da saurin fushi a kwanakin farko, lamarin da kan wuce kafin mako biyu.

Sai dai kowace mai jego na fuskantar wannan sauyi, amma ba kowacce ke kamuwa da ciwon ba. A nan ne halin rayuwa ke shigowa. Rashin barci, talauci, ko rashin jituwa da miji ko kishiya kan sa jiki ya yi ta fitar da kotisol, wato sinadarin fargaba. Idan abin ya daɗe, yakan dagula barci da tunani, ya kuma raunana sashen ƙwaƙwalwa mai adana abubuwan da aka sani.

A ƙasar Hausa, al'adar komawa gida wankan jego kan bai wa mace hutu da mataimaka har ta yi arba'in, kuma wannan ba ƙaramar kariya ba ce. Matsalar ita ce idan ta daina cin abinci ko ta ƙi jaririnta, sau da yawa akan ce iska ce, a yi ta jinkirin zuwa asibiti.

Likitoci na cewa baƙin cikin da ya zarce mako biyu na bukatar magani. Idan kuma mai jego ta fara sambatu ko jin muryoyi, abin da kan sami mace ɗaya ko biyu cikin dubu, to a garzaya da ita asibiti a ranar.

A shekarar 2023 Amurka ta amince da zuranolone, ƙwayar farko da aka yi musamman domin ciwon damuwar bayan haihuwa, wadda ake sha na kwana 14.