Buhun Rani Da Noman Damina

Da an gama kaka, an zuba dammuna a rumbu, sai samarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Katsina su fara shigowa neman kuɗin rani. Daga ƙasar Batagarawa, da Rimi, da Kaita, da Jibiya su ke zuwa. Waɗansu su kama dako a babbar kasuwa, waɗansu kuwa su shiga gidajen inji, watau wuraren casar shinkafa, da niƙan masara, da matsar man gyaɗa. Neman halal ne, ba mai kushe shi. Amma akwai wata hasara da ba a sa ta cikin lissafi. Sau da yawa mutum ya kan koma gida da kuɗi a aljihu, da ciwo a kwankwaso. Ran da ruwan shuka ya sauka, galibi cikin watan Yuni, sai ya ga sunkuyo ya gagare shi. Abin da ya tara ya ƙare wajen biyan 'yan ƙwadago, in kuwa babu, ciyawa ta cinye gero tun ba a yi noman firi ba.

Dakon buhu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Zamanin cinikin gyaɗa, da ya ke jirgin ƙasa bai zo birnin Katsina ba, a mota a ke kai ta Kano, tafiyar fiye da mil 100. Can a kan jera ta dala dala, ɗaya ta kan ci har buhu 15,000, kuma duk da ƙarfin mutane a ke hawar da su. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya cinikin, amma dako yana nan.

Buhun hatsi na kasuwa ya kan ci tiya 40, watau wajen kilo 100. A ce mota ta zo da buhu 300, leburori 6 za su sauke ta. Ko wannensu ya ɗauki buhu 50 ke nan, watau ton 5 a bayan mutum guda, kuma watakila kafin azahar wata motar ta iso. To, tun cikin 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Masu binciken lafiyar ma'aikata na Amurka kuwa, a lissafinsu na 1991, kilo 23 suka yanka, shi ma sai in kayan na kusa da jiki. Buhun takin zamani da na siminti kilo 50 ne. Na hatsi kuwa ya ninka.

Ga yadda ɓarnar ke aukuwa. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne, gaɓa gaɓa ya ke, kuma guda 5 na ƙasa, wajen kwankwaso, su ke ɗauke da yawancin nauyi. Tsakanin ko wace gaɓa da 'yar'uwarta akwai wani guringuntsi mai taushi kamar gammo. Naman da ke miƙe da mutum in ya sunkuya yana manne da ƙashin, tsakaninsu bai fi inci 2 ba. Duk wanda ya taɓa kai kaya sikeli ya ga yadda ɗan ƙaramin ƙarfe a dogon hannu ya ke rinjayar buhu. Haka abin ya ke a jiki, sai dai naman baya shi ne a gajeren hannun. In mutum ya riƙe kaya mai kilo 20 nesa da ƙashin bayansa da inci 20, sai naman ya ja da ƙarfin kilo 200, ban da nauyin ƙirji da kai. Wannan matsi duk a kan gammon nan ya ke sauka. Yau da gobe sai ya tsage, ya bultso, ya danne jijiyar da ta gangara ƙafa. Shi ne za a ji mutum yana cewa ciwon na tsarga masa tun daga ɗuwawu har diddige. Mafi muni shi ne a sunkuya a ɗauka kana a murɗa jiki, ƙafafu na kafe wuri ɗaya, kamar yadda mai jera sito ya ke yi wuni zubur.

Ba masu dako kaɗai ba. Mai zuba wa inji shanshera, in bakin injin ya wuce kafaɗarsa, kafaɗa da wuya za su gaya masa. Mata masu tsintar gyaɗa da riɗi a tsugune gwiwa ke damunsu, mai ɗinkin bakin buhu kuwa wuyan hannu. Mutane su kan ce sanyi ne. Hunturu na iya tsananta ciwon, amma aiki iri ɗaya ba hutawa shi ne tushensa.

Maganinsa mafi yawa a hannun mai inji da ɗan kasuwa ya ke, kuma ba mai tsada ba ne. A gina dakali daidai tsayin bayan mota, don a turo buhu da baro ko amalanke maimakon a cicciɓa shi daga ƙasa. Kada jeri ya wuce kafaɗa sai da matakala. A sa wa mai zubi abin takawa. Buhu mai kilo 100 kuwa mutum biyu ya kamata su kama, ko a raba shi biyu.

Nan ne gardama ta ke. Ɗan kasuwa zai ce kuɗin buhunan wofi ya ƙaru, kuma da babban buhu a ke ciniki. Lebura ma ba ya so, gama a kan buhu a ke biyansa, yana tsoron a rage masa lada, ga kuma abokan aiki da za su ce ya zama rago. Tsoron nan nasa yana da dalili. Muddin jinga a kan ƙirgen buhu ta ke, gaggawa ba za ta ƙare ba. In aka mai da lada a kan nauyin abin da aka sauke, ƙaramin buhu bai rage wa kowa kwabo ba. Wannan kuwa aikin akawu ne, tun da littafin na hannunsa. Shi ne kuma zai iya juya mutane, wanda ya yi dako da safe ya koma awo ko ɗinki da yamma. Ya rubuta sunan ko wane lebura da ranar da ya yi aiki, domin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi, kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da ya ke biya a asusun NSITF. Wanda ba sunansa a littafi, da wuya ya tabbatar a wurin aiki ya ji ciwo.

Shi kuma mai ɗauka ya matso jikin kaya, ya lanƙwasa gwiwa, ya juya da ƙafa, ba da ƙugu ba. In ciwo ya kama shi, kada ya kwanta mako guda a tabarma. A da haka a ke cewa a yi, yanzu likitoci sun gane doguwar kwanciya na ƙara sanƙarar da baya. Ya bar kaya mai nauyi, ya riƙa 'yar tafiya da ƙaramin aiki. Galibin irin wannan ciwo ya kan lafa cikin mako 6. Ƙwayoyin da a ke saya a kemis ko hannun 'yan talla a sha don a ci gaba da dako ɓoye ciwon su ke yi, ɓarna na ƙaruwa. Diclofenac da ibuprofen, in an daɗe a kansu, su kan jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Tramadol kuwa kama mutum ya ke yi, ya kasa bari.

Amma in ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, a tafi Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ran nan, kada a tsaya yin ƙaho. Haka kuma in ciwon baya ya zo da zazzaɓi, da rama, da zufar dare, gama tarin fuka ya kan ci ƙashin baya, kuma maganinsa dabam ne.