Tsohuwar netbook za ta iya zama ma'ajiyar fayil ta gida

Ƙananan kwamfutocin nan da ake kira netbook, waɗanda kamfanin Asus ya buɗe kasuwarsu da Eee PC a 2007, yau da ƙyar suke buɗe shafin intanet. Amma adana fayil da miƙa shi ga wata na'ura aiki ne mara nauyi, kuma har yanzu suna iya shi.

Yawancinsu gigabait 1 na RAM gare su, saboda haka a cire Windows a ɗora Debian marar fuskar hotuna. Masu firosesa Atom N270 tsarin 32-bit kaɗai suke ɗauka, don haka Debian 12 ce daidai da su. Daga nan a sa Samba, manhajar da ke bai wa wayoyi da kwamfutocin gidan damar shiga ma'ajiyar da kalmar sirri. Haɗa netbook ɗin da rauta ta kebul ya fi Wi-Fi tabbas, a kuma ba ta adireshin IP na dindindin.

Wutar da take ci kaɗan ce, batirinta kuma yana riƙe ta idan an ɗauke wuta, abin da ni na fi darajantawa a cikinta. In batirin ya kumbura, a cire shi. Faifan cikinta ya tsufa, don haka hotunan iyali su sami kwafi na biyu a faifan USB.